'Yar Gida Ko Baƙuwa: 'Yan Matan Latin Amurka Da Neman Ilmin Kimiyya A Kwalejojin Al'umma

Duk sa'ad da aka tayar da zancen ilmi mai zurfi a ƙasar Amurka, sunayen da kan riga zuwa bakin mutane su ne Harvard da Stanford da takwarorinsu, watau jami'o'in da suka tara dukiya da littattafai da mashahuran malamai har ambatonsu ya game duniya. Amma ƙofar da galibin 'ya'yan talakawa, da 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa can, da magidantan da suka koma karatu bayan girma ya kama su suke bi su shiga ilmi, wata ƙofa ce dabam wadda ba a cika jin labarinta daga nesa ba, ita ce kwalejin al'umma. Makaranta ce ta gwamnati, ta shekara biyu, wadda ba ta mai da kowa baya muddin ya gama sakandare, kuɗinta kaɗan ne, ba ta da ɗakunan kwana sai nadiran, ɗalibi daga gidan iyayensa yake zuwa, can kuma yake komawa. Wanda ya gama yana iya kama sana'a da takardar da ya samu, yana kuma iya tsallakawa jami'a ya shiga aji uku, kusan yadda mai difloma a wajenmu yake shiga jami'a ba tare da ya faro daga ajin farko ba.

Asalin irin wannan makaranta ana jingina shi ga kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Sa'an nan kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawara a 1947 cewa a yawaita su har kowane yanki ya sami tasa. Kana jihar Kalifoniya ta tsara ilminta mai zurfi hawa uku a 1960, ta sa kwalejojin al'umma su zama matakin ƙasa wanda kowa ke da ikon takawa. Yau a wannan jiha kaɗai akwai kwaleji 116, ɗalibansu kimanin miliyan biyu ne, kuma kusan rabinsu 'yan asalin Latin Amurka ne, watau zuriyar mutanen Meziko da Salbado da Gwatamala da sauran ƙasashen kudu masu magana da Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna wannan jama'a ta haura miliyan 62 a Amurka, kusan ɗaya ke nan cikin kowane mutum biyar. Saboda haka yarinyar da ake kira Latina, in ta ƙudura a ranta za ta zama injiniya, ko masaniyar sinadarai, ko mai rubuta manhajar kwamfuta, sau da yawa a nan take fara ɗora harsashi, tana biyan dala 46 a kan kowane awo na darasi in a Kalifoniya take, ko kuwa a yafe mata in gidansu ba hali.

Shigar ba ta da wuya, fitar ita ce mas'ala. Masu bin diddigin waɗannan makarantu sun daɗe suna faɗin cewa kimanin takwas cikin goma na masu shiga da niyyar samun digiri suke shiga, alhali kuwa waɗanda ke riƙe da digirin bayan shekara shida ba su wuce 16 cikin ɗari ba, a tsakanin 'yan Latin Amurka ma adadin ya sauka zuwa 13. In aka duba can ƙarshen hanya, ƙididdigar Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta shekarar 2015 ta nuna matansu ba su wuce kusan biyu cikin ɗari na masu aikin kimiyya da injiniyanci ba. To, ina sauran suka maƙale, kuma waɗanda suka fita, me ya riƙe su har suka kai?

Amsar da ta fi sauƙi a baki ita ce a ce himma ce ta bambanta su, wadda ta dage ta ci, wadda ta yi ragwanci ta faɗi. Ni dai ban gamsu da wannan ba, kuma bincike bai goyi bayansa ba. Tun a 1997 Elaine Seymour da Nancy Hewitt suka wallafa natijar hirar da suka yi da ɗaruruwan ɗalibai a jami'o'i bakwai, suka tarar cewa waɗanda suka bar fannonin kimiyya ba su gaza waɗanda suka zauna ba wajen basira ko ƙwazo, kuma koke-koken ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, watau koyarwa marar daɗi, da malaman da ba sa sakin fuska, da azuzuwan da aka shirya su don a tankaɗe mutane a zubar. Abin da ya raba su shi ne masu zama sun sami wanda ya tallafe su a daidai lokacin da ƙafa ta fara rawa. Wani bincike na 2016 ya daɗa nuna cewa mata sun fi maza yiwuwar barin wannan tafarki bayan darasin lissafi na kalkulas na farko da ninki ɗaya da rabi, kuma babban dalilin shi ne raunin amincewa da kai, ko da fahimtarsu ba ta gaza ta mazan ba.

Na lokaci mai tsawo ra'ayin wani masani, Vincent Tinto, shi ya rinjayi tunanin hukumomin makarantu game da wannan al'amari. Ya bayyana shi a 1975, ya faɗaɗa shi cikin littafi a 1987, muradinsa kuwa shi ne ɗalibi yana ɗorewa ne gwargwadon yadda ya saje da rayuwar makaranta, sajewar kuma tana bukatar ya ɗan yanke da mutanensa na da, kamar mai barin wani matsayi na rayuwa ya shiga wani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga saurayin da iyayensa suka kai shi ɗakin kwanan jami'a suka juya. Amma yaya za a auna da ita yarinyar da ke hawa bas biyu ta zo aji, ta fita da gudu ta kama aikin kanti, ta koma gida ta duba aikin makarantar ƙannenta, gobe kuma ta raka mahaifiyarta asibiti domin ita ce mai yi mata tafinta tsakaninta da likita? In sharaɗin zama 'yar makaranta shi ne ta bar gida, to an yanke mata hukunci tun ba ta zauna a kujera ba.

Wadda ta fi kowa kawo gyara mai gamsarwa a kan wannan ita ce Laura Rendón, kuma ba mamaki, gama ita kanta 'yar talakawan Laredo ce a bakin iyakar Tekzas da Meziko, a kwalejin al'umma ta fara, kafin ta yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan. A 1994 ta bayyana cewa irin waɗannan ɗalibai da yawansu suna shiga makaranta ne da zaton faɗuwa, sabili da abin da aka sha gaya musu tun suna ƙanana, kuma abin da ke juya al'amarinsu shi ne wani, malami ne ko mai ba da shawara ko ɗan'uwa, ya fara miƙo hannu, ya kira su da sunansu, ya tabbatar musu cewa suna iya koyo kuma abin da suka zo da shi daga gida yana da ƙima. Muhimmin abu cikin zancenta shi ne wa zai fara. Makarantu sun saba su buɗe ofis, su liƙa sanarwar sa'o'in ganin malami a ƙofa, su zauna jiran mai bukata. Alhali yarinyar da ba wanda ya taɓa shiga kwaleji a zuriyarsu ba ta san cewa ƙwanƙwasa wannan ƙofa haƙƙinta ne ba, a ganinta rashin ladabi ne ta ɓata wa babba lokaci, ko kuwa tona wa kai asiri ne cewa ba ta gane ba. Bayan shekara uku Sylvia Hurtado da Deborah Carter suka nuna cewa jin zama ɗan gida a makaranta abu ne da za a iya aunawa shi kaɗai, kuma a wajen 'yan Latin Amurka yana ƙaruwa da tattauna darasi da abokai bayan aji, da shiga ƙungiyoyin addini da na taimakon jama'a, yana raguwa kuma duk inda ɗalibi ya ji iskar ƙyamar launi tana kaɗawa.

A fannin kimiyya kuwa abin ya fi tsanani, domin a can ba ya isa mutum ya sani, sai an shaida ya sani. Heidi Carlone da Angela Johnson sun bi sawun mata 15 waɗanda ba farar fata ba tun suna jami'a har suka kama aiki, suka wallafa sakamakon a 2007, inda suka ce zaman mutum ma'abocin kimiyya yana tsayuwa ne a kan iyawa, da nuna iyawar a gaban jama'a, da shaidar waɗanda ake jin maganarsu a fannin, kuma na ukun nan shi ne ya fi wuyar samu ga waɗannan mata. Wasu sun samu, suka zama masu bincike. Wasu suka mai da kimiyya hanyar hidima ga mutanensu, suka nemi shaida daga wajen majinyata da dangi. Wasu kuwa suka nema aka hana su, suka ƙarasa karatun da ɗaci a zuciya. Wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san wannan ba baƙon abu ba ne, gama almajiri yana iya haddace littafi tun daga bango har bango, amma ranar da malam ya dube shi a gaban 'yan'uwansa ya ce ya biya wa na baya, ranar ce yake sanin an lissafa shi cikin ma'abota ilmi.

Kada kuma a ɗauka jin baƙuntar nan waswasi ne da yarinya ta ƙirƙira wa kanta, domin yana da tarihi, kuma kakanninta sun gan shi da idonsu. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka hana wata yarinya, Sylvia Mendez, shiga makarantar unguwarsu a Westminster ta Kalifoniya, aka tura ta makarantar da aka keɓe wa 'yan Meziko, alhali an yarda a karɓi 'yan'uwanta da suka fi ta hasken fata. Mahaifinta da wasu iyaye huɗu suka kai ƙara, suka yi nasara a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947, shekara bakwai kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun ƙasar baki ɗaya. Ita Sylvia daga baya a kwalejin al'umma ta Orange Coast ta koyi aikin jinya, ta yi shekara fiye da 30 tana yi. A watan Maris na 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin Los Anjalis suka fice daga azuzuwa, cikin koke-kokensu har da cewa ana karkata su ga koyon aikin hannu ana toshe musu hanyar jami'a. A 1982 kuma, da ɗalibai 18 na makarantar Garfield suka ci jarrabawar kalkulas mai wuya a hannun malaminsu Jaime Escalante, mutumin Bolibiya wanda shi ma sai da ya sake karatu a kwalejin al'umma ta Pasadena kafin a yarda ya koyar, hukumar jarrabawar ta yi shakkar sakamakon 14 daga cikinsu. 12 suka sake zama, suka sake ci. Yarinyar da ta tashi cikin jama'ar da ake tuhumar nasararta haka, in ta shiga ajin fizik ta tarar ita kaɗai ce mace, ko su biyu cikin talatin, ta ga abokan gwajinta sun riƙe na'ura sun miƙa mata biro ta rubuta adadi, ba sai an fassara mata abin da ake nufi ba.

Sai mu zo ga lissafi, wanda shi ne mashigin da ya fi cin mutane, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Digirin injiniya tsani ne wanda ba a tsallake matakinsa: sai an ci aljabara a shiga ilmin kusurwoyi, sai an ci shi a shiga share fagen kalkulas, sa'an nan kalkulas na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ba a shiga fizik na injiniyoyi sai an wuce kalkulas na farko. A da, duk sabon ɗalibi akan zaunar da shi gaban kwamfuta ranar rajista, sau da yawa ba tare da an gargaɗe shi ya yi muraja'a ba, a yi masa jarrabawar tantancewa, sakamakonta kuma shi ke yanke matakin da zai fara. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kimanin takwas cikin goma na ɗaliban kwalejojin Kalifoniya sai da suka bi ta azuzuwan gyaran tushe, 'yan Latin Amurka ma sun fi haka. A ƙaddara yarinyar da ta ci aljabara a sakandare, ta yi shekara biyu tana aiki ba ta taɓa littafi ba, ranar jarrabawa ta manta yadda ake raba ɓangaren lamba, aka jefa ta mataki uku ƙasa da matakin jami'a. Zango uku ke nan, shekara ɗaya da rabi, tana biyan kuɗin mota da na littafi a kan darussan da ba za a lissafa mata su a digiri ba, kafin ma ta hango kalkulas. Kuma tsakanin kowane zango da mai bi masa akwai ramin da za ta iya faɗawa, ko ajin ya cika, ko a sa shi da hantsi lokacin da take bakin aiki, ko mahaifinta ya rasa aiki a ce ta ƙara awoyi. A ƙananan kwalejoji akwai darussan da sau ɗaya ake buɗe su a shekara, wadda ta rasa sai ta jira baɗi. Da haka makarantar shekara biyu take zama ta huɗu ko biyar, a gida kuma ana tambayarta, cikin ƙauna da damuwa, yaushe ne za ta gama.

Majalisar jihar Kalifoniya ta sa hannu a wannan al'amari da dokar da ake kira AB 705, wadda Gwamna Jerry Brown ya rattaba wa hannu a 2017 ta fara aiki sosai a 2019, ta wajabta wa kwalejoji su dubi sakamakon sakandare maimakon jarrabawar yini ɗaya, su sa ɗalibi kai tsaye a darasin matakin jami'a tare da ƙarin awoyin tallafi. Adadin masu cin wannan darasi a shekararsu ta farko ya ɗaga ƙwarai, har da na 'yan Latin Amurka, wanda hujja ce bayyananniya cewa da yawa daga waɗanda aka riƙa tsarewa a ƙasa ba su bukaci tsarewar ba. Doka ta biyu, AB 1705 ta 2022, ta ƙara matsawa har ta nemi a riƙa shigar da ɗaliban kimiyya kalkulas ba tare da dogon share fage ba, a nan ne malaman lissafi da yawa suka ɗaga murya, suna cewa wanda bai taɓa ganin ilmin kusurwoyi ba in aka tura shi kalkulas an tura shi ga faɗuwa ne, har hukumar kwalejojin ta sassauta a ƙarshen 2024. A ganina kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, kuma abin da zai raba gardamar shi ne ko akwai mutum a kusa da yarinyar a mako na biyar, sa'ad da ta karɓi takardar gwajin farko ta ga jan biro ya yi yawa. Wannan kuwa yana da wuya a makarantun da mafi yawan malamansu na wucin gadi ne, ana biyansu bisa awa, suna gama aji a wannan kwaleji su hau mota su nufi wata, wasu ko ofishin da za su zauna da ɗalibi ba su da shi.

Dangane da iyali, an daɗe ana zaluntar waɗannan gidaje da cewa su ne tarnaƙi, wai iyaye ba su san darajar ilmi ba, wai sun fi son 'ya mace ta zauna kusa. Nauyin da ke kan babbar 'ya gaskiya ne, ba mai musunsa, kuma akwai uban da ba ya son 'yarsa ta kai dare a ɗakin gwaje-gwaje ko ta tafi wani gari aikin bazara. Amma in aka tambayi waɗanda suka kai gaci me ya hana su ajiyewa, iyayen nan dai su ne farkon abin da suke ambata, uwar da ke share ofisoshi da dare, uban da ke sunkuye a gonar latas tun asuba yana nuna wa 'yarsa tafin hannunsa don ta san dalilin da ya sa yake so ta yi karatu. Tara Yosso ta rubuta a 2005 cewa irin waɗannan jama'a suna da nasu jari wanda makaranta ba ta iya ƙirgawa: buri mai tsawo duk da ƙunci, da harshe biyu, da zumunci, da sanin yadda ake bi da hukumomin da ba a gina su dominka ba. Yarinyar da tun tana 'yar shekara tara take fassara wa iyayenta takardar haya da ta inshora, ta riga ta koyi karanta rubutu mai sarƙaƙiya da tsayawa gaban manya ta yi bayani. Kwalejin da ta gane haka takan gayyaci iyaye da harshensu, ta nuna musu ɗakin gwajin da 'yarsu ke yini, sai a wayi gari uban da ake zaton zai hana shi ne ke jira a mota da ƙarfe tara na dare.

Daga cikin dabarun da aka jarraba aka ga fa'idarsu, wadda ta fi daɗewa ita ce shirin MESA, wanda ya samo asali a 1970 a wata sakandaren fasaha ta Oakland, bisa haɗin gwiwar malama Mary Perry Smith da malaman injiniyanci na jami'ar Berkeley, daga bisani ya bazu zuwa kwalejojin al'umma. Wanda ya leƙa cibiyarsa zai yi mamakin ƙanƙantar abin: ɗaki ne guda kusa da azuzuwan kimiyya, da allo a kowane bango, da tebura da aka harhaɗa, da kabad na littattafai da na'urorin lissafi na aro, da na'urar ɗumama abinci a kusurwa. Ɗalibai uku suna tsaye gaban allo suna jayayya a kan wata mas'ala, wadda ta ci darasin bara tana zagayawa tana tambaya ba tare da ta ba da amsa ba, shugabar cibiyar kuma ta san wadda ba ta zo ba tun Litinin, za ta kuwa buga mata waya. Tushen wannan tsari yana komawa ga abin da Uri Treisman ya lura da shi a Berkeley cikin shekarun 1970, cewa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo suna faɗuwa kalkulas domin kowa shi kaɗai yake fama a ɗakinsa, alhali 'yan asalin Sin suna taruwa su ci abinci tare, su gyara wa juna kuskure, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Da ya tara na farkon cikin halƙa, ya ba su mas'aloli masu wuya a matsayin zaɓaɓɓu, sai sakamakonsu ya sauya. Babbar ni'imar halƙa ita ce yarinya ta ga da idonta cewa wanda take zaton gwani ne shi ma ya kwana bai warware tambaya ta bakwai ba, sai ta daina ɗaukar wahalar darasi a matsayin shaidar cewa ba wurinta ba ne.

A kwarin Salinas, inda ake noman latas ɗin da Amurka ke ci, tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci daga manyan kamfanonin kwamfuta na duniya, kwalejin Hartnell da jami'ar jiha ta Monterey Bay suka haɗa kai a 2013 suka buɗe shirin digirin kwamfuta cikin shekara uku. Ana ɗaukar ɗalibai ayari guda, su shiga kowane darasi tare, an tanadar musu kujera tun daga farko har ƙarshe, ba mai fargabar aji zai cika; wani manomin furanni ɗan asalin Japan, Andy Matsui, ya ɗauki nauyin ayarin farko domin su rage aikin neman kuɗi. Mafi yawansu 'yan Latin Amurka ne, da yawa 'ya'yan leburorin gona, mata kuma sun fi yadda aka saba gani a wannan fanni nesa ba kusa ba, fiye da rabin ayarin farko suka karɓi digiri a 2016.

Akwai sunayen da akan kawo don ƙarfafa gwiwa, kuma sun cancanta. Diana Trujillo ta baro Cali ta Kolombiya tana da shekara 17 da dala 300 a hannu, ta riƙa aikin share gidaje tana koyon Turanci a kwalejin Miami Dade, ta gama injiniyancin sararin samaniya a Jami'ar Maryland, ta yi aiki a kan hannun na'urorin da hukumar sararin samaniya ta NASA ta aika duniyar Mirrihi, ita ce kuma ta jagoranci shirin farko na saukar na'ura a wata duniya da hukumar ta watsa da Sifaniyanci, ranar saukar na'urar Perseverance, 18 ga Fabrairu 2021. Katya Echazarreta, haifaffiyar Guadalajara, ta yi aiki a McDonald's tana tallafa wa gidansu, ta fara a kwalejin birnin San Diyego, ta tsallaka jami'ar UCLA ta karanta injiniyancin lantarki, a watan Yuni na 2022 ta zama mace ta farko haifaffiyar Meziko da ta je sararin samaniya. Sai dai ina tsoron yadda ake amfani da irin wannan labari, domin yakan zama hujja ga mai son ya ce hanya a buɗe take, wadda ta kasa laifinta ne. Alhali abin da ya kamata a tambaya shi ne 'yan aji nawa ne na waɗannan mata biyu, masu basira kamarsu, suka tsaya a mataki na biyu na aljabara ba wanda ya buga musu waya.

Ko wadda ta haye duk wannan, akwai sauran kogi a gabanta ranar tsallakawa jami'a. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta suna asarar kimanin 43 cikin ɗari na darussan da suka riga suka ci, domin sabuwar makarantar ba ta yarda da su ba. Kalifoniya ta yi dokar 2010 da ta lamunce wa mai takardar tsallakawa gurbi a jami'o'in jiha, amma fannonin injiniya, saboda yawan darussansu, ba su shiga wannan tsari da sauƙi ba. Ga shi kuma ta isa aji uku inda kowa ya riga ya sami abokan karatu da malamin da ya san shi, ta koma baƙuwa karo na biyu, wani lokaci har ta riƙa ɓoye inda ta fito. Wadda ba ta da takardun zama kuwa, ko da dokar jiha ta 2001 ta ba ta damar biyan kuɗin 'yan gida, ta 2011 kuma ta buɗe mata tallafin jiha, ba ta da rabo a tallafin tarayya, kuma yawancin guraben koyon bincike da gwamnatin tarayya ke biya sharaɗinsu zama ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, ga shi kuwa a waɗannan gurabe ne ake samun malamin da zai rubuta wa mutum takardar shaida.

Wani kaso mai yawa na kuɗin da ke riƙe da masu koyarwa na ƙarin lokaci, da masu ba da shawara na fannin kimiyya, da kayan ɗakunan gwaji a waɗannan kwalejoji, ya daɗe yana fitowa ne daga tallafin da majalisar tarayya ta tanada tun bayan 1992 ga makarantun da aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibansu 'yan Latin Amurka ne, ko da yake duk ɗalibin makarantar, kowane launi ne shi, yana cin moriyar abin da aka gina da shi. A 2025 jihar Tennessee, tare da ƙungiyar da ta kayar da Harvard a Kotun Ƙoli a 2023 kan duba launi wajen ɗaukar ɗalibai, suka kai ƙarar wannan tsari. Ma'aikatar shari'a ta ce ba za ta kare shi ba. A watan Satumba kuma ma'aikatar ilmi ta ba da sanarwar dakatar da kimanin dala miliyan 350 na irin wannan tallafi, mafi yawansa na waɗannan makarantu ne. Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha yawan irinsu, ta riga ta ƙara wa MESA kasafi daga aljihunta a 'yan shekarun nan, har cibiyoyin suka yaɗu zuwa kwalejojin da da ba su da su. Amma a jihohin da majalisarsu ba ta yi haka ba, ma'aikatan da aka ɗauka da kuɗin tarayya kwangilarsu tana ƙarewa ne tare da tallafin, kuma a cikinsu ne ake samun mai ba da shawarar da ya san jerin darussan injiniya da ka, da mai kula da cibiyar da ke lura da kujerar da ta kwana uku ba kowa a kanta.